Abin da tumfafiya ta koya mini a kan tsiron ciyawar kiwo

Yawancinmu da muka karanci aikin gona mun shiga aji da tunani guda a kan muguwar ciyawa: tana ƙwace wa shuka ruwa da taki da hasken rana, shi ke nan. Binciken kammala karatuna ne ya nuna mini cewa wasu tsirran guba suke zubawa a ƙasa ta ganyensu da saiwarsu. Masanin tsirrai ɗan Ostiriya, Hans Molisch, ya yi rubutu a kan haka tun 1937, amma gani ya kori ji.

Tumfafiya na zaɓa, domin ita ce ke mamaye gonar da ta gaji da gefen burtali, kuma shanu ba su cika kula ta ba. Na shanya ganyenta a inuwa, na daka, na jiƙa, na tace. Da ruwan jiƙon na riƙa shayar da irin gamba da na waken lablab a farantan gilashi, wasu farantan kuma na ba su ruwa zalla don kwatantawa.

Darasi na farko shi ne ƙirga tsiro kaɗai ba ya faɗin gaskiya. Iri da yawa sun fasa, har ɗan ganye ya leƙo kore shar. Sai da na ɗaga su da hantsaki na ga ɓarnar: saiwa ta gajarce, bakinta ya dafe ya yi ruwan ƙasa, wata ta lanƙwashe kamar ƙugiya, kuma babu 'yan gashin nan masu tsotso ruwa. Sinadaran fenol da ke cikin irin wannan ganye suna hana ƙwayoyin halittar bakin saiwa rabuwa, a nan kuwa girma yake. Tsiron da ya tashi da guntuwar saiwa, da zarar ruwa ya ɗauke a farkon damina, ya bushe. Mai gona ya ce irin ne ba shi da kyau, ya sake sayo wani ya zuba a wuri guda. Wannan asarar tana damuna ƙwarai, don mai kiwon da ya sayi iri ya yi ƙoƙari.

Gamba ta fi jigata. Irinta ƙarami ne, ba shi da guzuri, dama can tsirowarsa sai a hankali. Lablab mai ƙwaya babba ya fi jurewa.

Da na koma gwaji a tukwanen ƙasa sai abin ya sauya. A ƙasar laka mai takin gida ɓarnar ta ragu sosai, saboda laka tana riƙe gubar, ƙananan halittun ƙasa kuma suna narkar da ita. A jigawa maras taki ta fi fitowa fili. Malamina ya ce da ni, "Faranti ba gona ba ne, kada ka rubuta fiye da abin da ka gani." Har yau ina aiki da maganar nan, musamman idan ana batun garmani da ya cinye makiyayu a Maraɗi da Damagaram, inda yawan kiwo da inuwar ciyawar kanta ke da nasu hannun.

Yanzu idan mai kiwo zai shuka gamba ko sitailo (ciyawar kiwo dangin wake) a filin da tumfafiya ko tofa ta daɗe, nakan ce ya sare da wuri, ya kwashe ganyen daga filin, ya zuba taki, ya jira ruwa ya sauka sosai kafin ya yafa iri. Idan tsiro ya fito, ya tumɓuke kaɗan ya duba saiwar tun kafin noman firi.