Yadda shagonmu na kayan sola ya fara fitowa a binciken Google

Ni nake kula da shafin intanet na shagonmu da ke kusa da titin Ahmadu Bello a Kaduna, inda muke sayar da farantan sola, batura da inbata. Na fara ne da Google Ads, tsarin tallan da aka ƙaddamar a shekarar 2000 da sunan AdWords. Ba a cire kuɗi sai wani ya danna tallan, kuma duk binciken da aka yi, gwanjo ake yi tsakanin masu talla. Sai dai yawan kuɗi kaɗai ba ya kai mutum sama, domin Google na duba dacewar tallan da abin da aka nema, da ingancin shafin da mai dannawa zai tarar.

Na taƙaita tallan ga Kaduna da Zariya, iyakar inda yaranmu ke iya zuwa haɗa kaya. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne rahoton kalmomin da mutane suka rubuta kafin su danna. A ciki na ga masu neman aikin yi da masu son koyon sana'ar suna cinye mana kasafi alhali ba saye ya kawo su ba, sai na hana tallan fitowa ga irin waɗannan kalmomi. A ciki kuma na gane cewa masu saye na gaskiya abu ɗaya ke damunsu, wato batirin da zai riƙe firji da fanka har asuba idan an ɗauke wuta.

Wannan damuwa na ware wa shafi guda, da Hausa da Turanci, na bayyana lissafin dalla-dalla, na kuma rage nauyin hotuna saboda yawancin jama'armu da waya suke shiga, ga tsadar data. Na cike bayananmu a Google Business Profile, wato inda mai kasuwanci ke saka adireshi da lokutan aikinsa domin su fito a bincike da taswirar Google, har da lokacin da muke rufewa domin sallar Juma'a. Wannan ɓangaren ba a biyan ko sisi, amma yana buƙatar haƙuri, don sai da aka ɗauki watanni kafin Search Console, tsarin Google da ke nuna matsayin shafi a sakamakon bincike, ya nuna shafin yana hawa. Wata rana wani dattijo daga Rigasa ya shigo da shafin a buɗe a wayarsa, ya ɗora yatsa a kan lissafin ya ce, "Ɗana, irin wannan nake so."

Har yanzu ina biyan talla, amma na fi ƙara kasafin a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke tsananta, in rage shi idan damina ta kankama.