Tsagar bango da take dawowa bayan an yi fenti

Cikin duk aikin da muke yi babu wanda yake haɗa ni faɗa da masu gida irin ƴar siririyar tsagar nan mai kama da silin gashi. Sana'ata fenti da sikiridin, wato siririn shafen da ake sumulce bango da shi kafin fenti, ina da yara huɗu da muke fita tare a nan Kano da kewaye, kuma duk shekara da hunturu ya ja baya sai waya ta fara shigowa, maganar ɗaya ce, "Malam ka zo ka ga fentinku ya tsage." To fenti dai riga ce kawai, jikin da ke ciki ne ya motsa, amma wa zai tsaya ya saurari wannan bayan ya biya kuɗinsa.

Da wuya na koyi abin. Shekarun baya wata Hajiya ta kira ni saura kwana goma bikin ƴarta, falonta akwai tsaga daga saman ƙofa ta miƙe har silin. Na ce ranki ya daɗe wannan sai an buɗe ta, ta ce a'a ɗan nan baƙi zan yi, ka shafe min kawai. Ni ma da kwaɗayin aiki na sa aka cusa POP, farar hodar nan da ake kwaɓawa a yi silin, aka goge da sanfefa aka bi da rola sau biyu, falo ya fito fes. Wata uku ba a yi ba ta aiko min da hoto a WhatsApp, tsagar ta dawo daidai inda take kamar da biro aka zana ta. Da kuɗina na sake aikin, har da na mota.

Yanzu idan na shiga ɗaki ba na fara maganar kala, sai na bi bangon ina ƙwanƙwasa shi da bayan sukundireba. Inda shafen ya kama bulo za ka ji sauti daskararre, inda ya saki kuma sai ka ji fayau kamar ganga, wannan ko me ka shafa a kai ɓata kaya ne, sai an farfasa an sake filasta. Sannan in duba yadda tsagar ta tafi. Wadda ta bazu ko'ina kamar saƙar gizo-gizo yawanci laifin shafe ne, ko yashin akwai laka, ko siminti ya yi yawa, ko an yi a tsakiyar hunturu ba a yi masa ban ruwa ba iska ta shanye shi kafin ya yi ƙarfi. Mutane suna ɗauka yawan siminti shi ne inganci, alhali shafen da ya cika siminti ya fi saurin tsukewa ya dare. Kuma siminti yana son kamar sati huɗu kafin a ɗora masa fenti, amma mai gida yana so ya tare, sati ɗaya an ce a zo a yi.

Mai taurin kan ita ce miƙaƙƙiyar nan da take bin gefen fila ko ƙarƙashin linta, ko hanyar da mai wayarin ya sassaƙa ya binne fayif. A nan abu biyu ne suka haɗu, kamar kankare da bulo, kuma zafi da sanyi ba sa motsa su daidai, rana ta gasa bango ya buɗe, asuba ya tsuke, kullum haka. POP kuwa in ya bushe ba ya lanƙwasa ko kaɗan, shi ya sa yake sake darewa a wurin.

Abin da muke yi shi ne mu ƙara buɗe ta da bakin sikirafa ta zama ƴar kwata mai faɗin baki, a nan ne mai gida yake salati wai mun ƙara ɓata masa bango. A share ƙurar tas da buroshi, don ƙura ita ke hana kaya kamawa, a shafa gam ɗin bond da aka sirka da ruwa, a cike da abin cikawa mai ɗan danƙo, a bar shi ya sha iska. Sai a manna ragar nan ta faiba a kan layin ta wuce tsagar ta kowane gefe, a bi ta da sikiridin siriri-siriri sau biyu ko uku, kowanne sai ya bushe, ana faɗaɗa shi don kada wurin ya yi tozo. Da daddare nake haska tocila daga gefe, duk inda ya yi tudu inuwa za ta tona shi. Fenti kuma bangon gaba ɗaya muke yi daga kusurwa zuwa kusurwa, don ko bokitin da ya rage ne aka ɗauko, sabo ba ya sajewa da tsoho.

Akwai wadda ba na taɓawa. In ta taso a karkace daga kusurwar taga, ko ta fito ta bayan bangon ma, ko tsinken ashana yana shiga, ko ƙofa ta fara cijewa, wannan maganar fandishan ce, musamman a ƙasa mai laka da take kumbura da damina ta tsuke da rani. Sai in manna ɗan POP a kanta in rubuta kwanan wata da fensir in ce a bar shi sati uku zuwa huɗu, in ya tsage a kira injiniya. Wani Alhaji ya ji haushin wannan sosai, ya ce shi mai fenti ya kira ba likita ba, ya nemo wani ya shafe masa a yini ɗaya. Jiya na wuce ta layinsu na ga an sauke yashi da bulo a ƙofar gidan, ban dai tsaya tambaya ba.