Fim ɗin Team America da iyakar shaguɓe

A shekarar 2004, lokacin da yaƙin Iraƙi ya raba kan Amurkawa, masu shirya finafinan barkwanci Trey Parker da Matt Stone suka fitar da Team America: World Police, fim ɗin da aka shirya da 'yan tsana masu igiya domin yi wa finafinan faɗa na Hollywood shaguɓe. Tun a farkonsa, jaruman, wato wata rundunar Amurkawa masu yaƙi da ta'addanci, suna farautar 'yan ta'adda a birnin Faris na ƙasar Faransa, amma makamansu suka rusa hasumiyar Eiffel da gidan tarihi na Louvre, sannan jaruman suka juyo suna kwantar wa mutanen gari hankali, alhali waɗannan sun yi cirko-cirko a cikin ɓaraguzai. A ganina babu sashen da ya kai wannan ƙarfi, domin ba a tsaya yin wa'azi ba. An bar mai kallo ya danganta ɓarnar da katsalandan ɗin Amurka a ƙasashen waje da kansa, kuma hakan girmama hankalinsa ne.

Fim ɗin bai ƙyale taurarin Hollywood masu adawa da yaƙi ba, balle shugaban Koriya ta Arewa na lokacin, Kim Jong-il. Sai dai inda na ja tunga shi ne yadda aka mayar da Larabci surutai marasa ma'ana. Masu kare fim ɗin suna cewa jahilcin Hollywood game da Larabawa ake zolaya, amma Balaraben da ke cikin sinima harshensa zai ji ana yi wa dariya.