Hujin da ke jikin takardar Beethoven

Shekara biyu ke nan ina koyar da yarana biyu a gida nan Ingila, kuma babu darasin da ya ba ni wuya kamar tarihin Turai. Da na yanke shawarar haɗa shi da labarin manyan makaɗansu na dauri, sai na bi hanyar da aka bi da ni a sakandare. Na manna doguwar takarda a bangon falo, na jera sunaye: Bach 1685 zuwa 1750, Mozart 1756 zuwa 1791, Beethoven 1770 zuwa 1827. Yara suka haddace tas. Bayan mako biyu na tambaye su, babu abin da ya saura a kansu. Kiɗan kuwa ina kunnawa suna rubutu, amma ko a jikinsu.

Ranar da muka kai kan Napoliyon abin ya sauya. Beethoven ya tsara simfoninsa na uku (simfoni dogon kiɗa ne mai kashi-kashi da babban rukunin makaɗa ke kaɗawa) tsakanin 1803 da 1804, da niyyar sa masa sunan Bonaparte, wato Napoliyon, don yana ganin wannan sojan ne zai cika alkawarin juyin juya halin Faransa na 1789, wato talaka da basarake su zama ɗaya a gaban doka. A watan Mayun 1804 sai aka ayyana Napoliyon sarkin sarakunan Faransa. Beethoven ya kankare sunan daga shafin farko da ƙarfi har takardar ta huje, kuma kwafin yana ajiye a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya har yau. Na nuna musu hotonsa a kwamfuta. Babbar, mai shekara goma sha ɗaya, ta kai yatsa kan hujin ta ce, "Umma, ashe haushi ya ji haka? A kunna mana mu ji." Ba ta taɓa roƙon a kunna ba sai ranar.

Kiɗan yana buɗewa da bugu biyu masu ƙarfi, ƙaramin har ya zabura. Da muka shiga kashi na biyu, wanda taken rakiyar gawa ne mai tafiya a hankali, sai ta ce ta gane, makokin amanar da Napoliyon ya ci yake yi. Magana ce mai daɗi, kuma na so in bar ta a haka. Amma ba daidai ba ce. Na ce ta tashi ta duba bango. Ta tsaya tana lissafi, ta juyo ta ce ai ya riga ya rubuta kafin a yi naɗin. Nan na ga amfanin shekarun da na sa su haddace: sai da yarinya ta zo da hasashenta, ta nemi abin da za ta gwada shi da shi, sannan lamba ta zama abin aiki a hannunta. Tun daga ranar na daina fara darasi da shekara. Ina farawa da lokacin da tarihi ya taɓa jikin makaɗin, mu saurara, tambaya ta fito daga bakinsu.

A ƙarƙashin 1804 ɗin na ƙara layi da jan biro: hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo daga Ɗagel zuwa Gudu a watan Fabrairu, da yaƙin Tabkin Kwatto a watan Yuni. Ba su taɓa zaton labarin da kakansu ke ba su ta waya zamaninsa ɗaya da Napoliyon ba. Haka da muka zo kan Haydn, makaɗin ƙasar Ostiriya wanda ya yi kusan shekara talatin yana yi wa gidan sarautar Esterházy hidima sanye da kayan barorin gidan, ban sha wahalar bayani ba. Na kunna musu Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, suka gane mene ne makaɗin fada da abin da ke tsakaninsa da ubangidansa.

Na kuma yi kuskuren gaggawa. Na kawo simfoni na bakwai na Shostakovich, makaɗin Rasha, wanda makaɗa masu fama da yunwa suka kaɗa a birnin Leningrad na Rasha ranar 9 ga Agustan 1942, lokacin da sojojin Jamus suka yi wa birnin ƙawanya. Labarin ya yi wa ɗan shekara takwas nauyi, daren nan bai yi barci sosai ba. Na ajiye shi sai ya ƙara girma.

Takardar tana nan a bango, amma yanzu rubutunsu ya fi nawa yawa. A gefen 1809, shekarar da Faransawa suka yi wa Biyana ruwan igwa, ƙaramin ya zana Beethoven a ɗakin ƙasa na gidan ƙanensa, ya danne kunnuwansa da matasan kai don kada ɗan jin da ya rage masa ya tafi, domin ya riga ya fara kurmancewa.