Daga Zariya zuwa cocin Ingila: ƙa'idojin kare yara da ke jiran baƙo

Duk ɗan Katolikan da ya taso a Sabon Gari, Samaru ko Tudun Wada ya san yadda ake shiga aikin coci a gida. Katikis ya san mahaifinka, shugabar Zumuntar Mata ta san gidanku, Lahadi mai zuwa an miƙa maka ajin yara. A Ingila abin ba haka yake ba, kuma a nan ne 'yan Zariya da suka zo karatu ko aikin kula da tsofaffi kan fara yin tuntuɓe.

Da shigarka coci, duba allon sanarwa na bakin ƙofa. Akwai takarda mai suna da lambar waya, sau da yawa har da hoto, ta wakilin kare yara na wannan cocin. Yawanci ɗan coci ne mai aikin sa kai, a samansa kuma akwai ofishin dayosis mai ƙwararrun ma'aikata. Ɗauki hoton takardar da wayarka tun ranar farko.

In kana son koyar da yara, ko horar da masu hidimar bagadi, wurinsa za a tura ka. Za ka cika fom, ka ba da sunan mutum biyu da za su yi maka shaida, ka nuna fasfo da takardar adireshi, sannan a nema maka binciken DBS, hukumar da ke duba ko mutum yana da tarihin laifi ko an hana shi aiki da yara. Ba a karɓar kuɗin bincike daga ɗan sa kai. Abu biyu ke jawo wa mutanenmu jinkiri. Ana son duk adireshin da ka zauna cikin shekara 5 da duk sunan da ka taɓa amfani da shi, to wanda adireshinsa "bayan injin niƙa" ne, ko sunansa na fasfo ya bambanta da na baftisma, ya shirya bayani. Na biyu, DBS ba ta ganin bayanan Najeriya, saboda haka ana iya neman takardar shaidar hali daga 'yan sandan gida. Wanda bai taso ba tukuna ya neme ta dab da tafiya.

Wasu kan ji an ci musu fuska, su ce shekara nawa suna koyarwa a gida ba wanda ya tuhume su. Ba kai kaɗai ba ne. Fada ma in ya zo daga Najeriya sai bishop ɗinsa ya aiko da takardar shaida kafin ya kama aiki. Cocin ya sha wuya ne kafin ya kai nan: binciken ƙasa da ya fito a 2020 ya nuna cewa tsakanin 1970 da 2015 cocin Katolika na Ingila da Wales ya karɓi ƙorafi fiye da 900 kan lalata da yara, kuma an sha fifita sunan coci a kan yaran.

Ƙa'idar yau da kullum mai sauƙi ce. Babba ɗaya ba ya keɓewa da yaro, sai manya biyu ko a bar ƙofa a buɗe. Ba ka rage wa ɗan wani hanya a mota kai kaɗai, ko da ruwa ake tsugawa, sai da sanin iyaye. Ba ka tura wa yaro saƙon WhatsApp kai tsaye, ba ka ɗaukar hotonsa ba izini. "Ɗa na kowa ne" gaskiya ne a Zazzau, amma a nan wanda ya ja kunnen ɗan wani a coci zai amsa tambayoyi.

Inda ya fi wuya shi ne ranar da yaro ya buɗe baki. Ka saurara, kada ka zare ido ko ka saki salati har ya tsorata ya yi shiru. Kada ka yi masa alkawarin rufe maganar. Ka ce za ka faɗa wa wanda zai taimaka. Kada ka sa masa magana a baki da irin "wane ne ya taɓa ka, ko?" domin lauya zai kama wannan a kotu ya ce koya masa aka yi. Bayan ya gama, rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa, in da Hausa ya faɗa a bar shi da Hausa, ka sa rana da lokaci da hannu. A ranar ka kira wakilin ko ofishin dayosis. In yaron yana cikin haɗari a lokacin, kira 999, lambar gaggawa, kai tsaye. Mai son shawara tukuna ya kira NSPCC, ƙungiyar agaji mai kare yara, a 0808 800 5000, yara kuma suna da Childline a 0800 1111.

Abin da ke ɓata shari'a shi ne halinmu na sulhu. A tara dattawa, a kira wanda ake zargi ya durƙusa, a yi addu'a, a ce a rufa asiri don auren yarinya nan gaba. Kafin a watse, mutumin ya goge wayarsa, yarinya ta maimaita labari gaban mutum goma har ya rikice, shi kuwa ya koma wani coci inda ba a san shi ba. Bincike aikin 'yan sanda ne da ma'aikatan jin daɗin yara na ƙaramar hukuma. Ko Fada ake zargi, haka za a bi, kuma dokar da Paparoma Francis ya kafa a 2019 ta wajabta wa kowane dayosis, har da na Zariya, ya tanadi hanyar kai irin wannan ƙara. A lura, abin da aka faɗa wa Fada a wurin furta zunubi ba zai iya fitar da shi ba, don haka ba a kai rahoto ba sai an faɗa a waje.

Sai batun gida. Scotland ta haramta dukan yara gaba ɗaya a 2020, Wales a 2022. A Ingila, duk bugun da ya bar shati ko rauni laifi ne, balle bulala ko wayar lantarki. Malamar Lahadi da ta ga tabo dole ta faɗa.

Riƙo ma yana da doka. In yaron da bai kai shekara 16 ba zai zauna kwana 28 ko fiye wurin wanda ba kakansa, wansa, yarsa, mijin uwarsa, matar ubansa, kawu, baffa, gwaggo ko inna ta kusa ba, sai an sanar da ƙaramar hukuma. Aminiyar uwa ko 'yar Zumunta ba ta cikin wannan lissafi, komai kusancinku. Victoria Climbié, 'yar Kwaddibuwa mai shekara 8 da aka azabtar har ta mutu a Landan a 2000, riƙo aka ba da ita. Ana sanarwa aƙalla mako 6 kafin yaron ya tare, ko nan take in lokacin ya ƙure, daga nan ma'aikacin hukuma zai riƙa zuwa duba shi duk bayan mako 6 a shekarar farko.