Wa zai hau Michael? Abin da na koya a aikina na ƙarshe a situdiyo

Na bar situdiyo tun kafin azumi, kuma ban yi wa kowa dogon bayani ba sai Oga, shi ma a tsaye. Waɗanda muka yi aiki tare sun san abin da ya raba mu, amma labarin da ya isa kunnen masu tura fina-finai a waya shi ne wai ni na ɓata fassarar The Godfather. Tunda ƙura ta lafa, bari in faɗi nawa, ko zai amfani wanda za a danƙa wa rabon muryoyi a bayana.

Ni na kawo shawarar fim ɗin. Mun saba da na Indiya, musamman na kudu, inda kafin a yi nisa ka gane jarumi, ka gane bos, ka gane wanda aka sa don ban dariya, sai ka miƙa wa kowa nasa a wuce wurin. Wannan kuwa fim ne na 1972 da Francis Ford Coppola ya ba da umarni, daga littafin Mario Puzo na 1969. Ya kusa awa uku, kuma mafi yawansa maza ne zaune a ɗaki mai duhu suna magana ƙasa-ƙasa. Oga bai kalla ba. Sunan ya ji, aka kuma ce masa shi ne uban fina-finan 'yan mafiya, sai ya ce a yi.

Abin da na fara lura da shi da na zauna rabon muryoyi shi ne, a gidan Corleone, gwargwadon ikon mutum gwargwadon saukar muryarsa. Vito, uban gidan, da ƙyar ake jin sa. Marlon Brando yana da shekara 47 lokacin ɗaukar fim ɗin, ya mai da kansa tsoho mai dusasshiyar murya wanda sai ka matso kafin ka ji me yake cewa, kuma kowa matsowar yake yi. A fitowar farko, mai shirya gawa ya zo neman a rama wa 'yarsa, Vito yana zaune yana shafa kyanwa a cinyarsa. Kyanwar ma ba ta cikin labari, Coppola ne ya tsince ta a harabar wurin ɗaukar fim ya miƙa wa Brando, kuma gurnaninta ya danne wasu kalmominsa har sai da aka sake ɗaukar muryar. Masu ihu a fim ɗin kuwa ba sa kai labari. Sonny, babban ɗa, shi ne mai zafin kai da ɗaga murya, shi aka yi wa ruwan harsashi a shingen biyan kuɗin hanya. Moe Greene, mai gidan caca a Las Vegas, ya yi wa Michael, ƙaramin ɗan Vito kuma jarumin fim ɗin, tsawa a gaban mutane, ya ƙare da harsashi a ido.

A kan haka na gina rabon. Ƙanin matar Oga, wanda duk kun san shi ne ke hawa jaruman Indiya a wurinmu, na ba shi Sonny. Ba rainawa ba ce, yana da ƙirji, yana da zafi, kuma a irin wannan babu kamarsa a situdiyon. Michael kuwa na ba wani yaro da ke mana aikin gyaran sauti, wanda sai an rasa mutum ake kiransa ya yi muryar direba ko mai gadi. Muryarsa siririya ce, ba ta da ado, amma ya iya abin da manyanmu ba su iya ba: ya iya sauke murya a ƙarshen jimla maimakon ya ɗaga ta. Na gwada shi a wurin da Michael ke ba budurwarsa Kay labarin yadda mahaifinsa ya kuɓutar da mawaƙi Johnny Fontane daga wata yarjejeniya, da bakin bindiga a kan mutum. Ya karanta shi kamar mai ba da labarin abin da ya faru a gidan maƙwabta, ba tsoro, ba alfahari. Da ya cire abin kunne ya ce, “Yaya, in ƙara ƙarfi?” Na ce kada ya kuskura.

Mun ɗauki kusan rabin Michael kafin Oga ya shigo ya saurara. Bai zauna ba. Ya ce, “Malam, wannan jarumi ne ko mai jinya?” Na ce, “Ranka ya daɗe, haka mai fim ɗin ya yi shi. A farko ba kowa ba ne, soja ne da ya dawo daga yaƙi yana gudun sana'ar gidansu. Sannu a hankali yake zama abin tsoro.” Ya ce mai kallo a waya ba ya jiran sannu a hankali. Daga baya na gane ƙanin matar ne ya kai ƙara, wai an ba shi wanda ke mutuwa a tsakiyar fim, shi kuwa bai taɓa hawa jarumin da ya mutu a tsakiya ba.

Na ba Oga tarihin yadda aka zaɓi 'yan wasan, don na ɗauka zai taimaka. Kamfanin Paramount mai fim ɗin ma bai so Al Pacino ya fito a Michael ba. A lokacin ɗan wasan daɓe ne da ba a sani ba sosai, ga shi gajere, su kuwa suna hangen irin su Robert Redford da Ryan O'Neal. An gwada James Caan a matsayin Michael, ya ƙare a Sonny, kuma da Sonny ɗin aka sa sunansa a takarar Oscar. Ko bayan an fara ɗauka, manyan kamfanin suna kallon abin da Pacino ke yi suna cewa yaron nan ba ya yin komai, har aka yi ta maganar korarsa. Coppola, wanda shi ma kujerarsa ke rawa, ya jawo fitowar gidan abinci gaba aka ɗauke ta da wuri don su ga inda aka dosa. Brando ma haka. Kamfanin ya ce ya fiye rigima kuma fina-finansa sun daina ciniki, sai da Coppola ya je gidansa ya ɗauke shi yana cusa takarda a kumatu yana sauya murya, aka nuna wa masu kuɗin, sannan suka sauko. Oga ya saurare ni har na gama, ya ce, “To ai ka ji, shi ma sai da masu kuɗi suka yarda. Ni ne mai kuɗin, ban yarda ba.” Gaskiya ya faɗa, kuma ban sami amsarta ba.

Aka goge aikin yaron. Ƙanin matar ya hau Michael, Oga da kansa ya hau Vito, ya kuma sa aka ƙara masa eko. Duk wannan da na haɗiye. Inda na kasa haɗiyewa shi ne gidan abincin.

Wanda ya kalli fim ɗin ya san wurin. Michael ya zauna da Sollozzo, mai fataucin ƙwaya da ya sa aka harbi mahaifinsa, da kyaftin ɗin 'yan sanda McCluskey wanda ya fasa masa muƙamuƙi. Ya shiga banɗaki ya lalubo bindigar da aka ɓoye masa a bayan tankin ruwa. An ce masa yana fitowa ya buɗe wuta, amma sai ya koma ya zauna. Sollozzo yana ta magana da Italiyanci, kyamara tana matsowa fuskar Michael, idanunsa suna yawo, ƙarar jirgin ƙasa tana ta hauhawa har ta danne maganar. Ba ya cewa uffan. Mutum ne da ya san in ya tashi daga kujerar nan ba zai sake zama wanda yake ba, kuma kana ganin haka a idonsa. Wannan ita ce fitowar da ta hana a kori Pacino. Oga ya ce a sauke ƙarar jirgin, a sa Michael ya riƙa zancen zuci da ƙarfi: yau sai na ga bayanku, yau za ku san kun taɓa ɗan halak, da sauransu. Na ce, “Ranka ya daɗe, shiru ma magana ce.” Ya ce, “To ɗauke ta ka kai kasuwa mu ga nawa za a taya.” Aka yi dariya. Na rubuta zancen zucin da hannuna, domin aikina ne, ƙanin matar ya hau shi da irin muryar da yake yi in jarumin Indiya zai daki mutum ashirin.

Haka aka yi wa kowane wuri da babu magana. A ƙofar asibiti, inda Michael da Enzo mai gasa burodi suka tsaya suna kwaikwayon masu gadi, hannun Enzo yana karkarwa ya kasa kunna taba, Michael ya karɓi abin kunnawar ya kunna masa, sannan ya dubi nasa hannun ya ga ko motsi ba ya yi. A namu, a daidai nan Michael yana yi wa Enzo faɗa a kan tsoro.

Sai Fredo, ɗan Vito na biyu, yayan Michael. Wannan ya fi ci mini rai fiye da Michael, ko da yake ban yi faɗa a kansa ba, na riga na gaji. Oga ya duba fim ɗin ya ga babu ɗan barkwanci, sai ya ce ga shi nan, wannan mai sanyin jikin. Aka ba shi muryar wawa, da in'ina, da ƙarin maganganun da ba su cikin fim. John Cazale ne ya fito a Fredo. Fim biyar kawai ya yi kafin ciwon daji ya kashe shi a 1978 yana da shekara 42, kuma duka biyar ɗin sun shiga takarar fim mafi kyau a Oscar, shi kuwa ko sau ɗaya ba a sa sunansa ba. Fredo ba wawa ba ne. Ɗa ne da aka haifa a gidan da ba a yafe rauni. Ranar da aka harbi Vito a gaban mai sayar da lemo, shi ke tare da shi, bindigar ta suɓuce daga hannunsa, ya zauna a bakin titi yana kuka yana kiran babansa. Duk wanda ya taso a babban gida ya san irin wannan ɗa, wanda ake aika kasuwa lokacin da za a yi shawara. A fassararmu mutane dariya suke yi a wurin kukan, domin an sa masa wata magana a kan wandonsa.

Fim ya fita, bai yi ciniki ba. Masu son faɗa suka ce surutu ya yi yawa, waɗanda suka san asalin fim ɗin kuma suka yi mana ca a Facebook. A taron da aka yi, Oga ya ce wanda ya kawo shawarar fim kuma ya yi rabon muryoyi shi ke da alhaki. Rabon da aka yi amfani da shi ba nawa ba ne, kowa a ɗakin ya sani, ba wanda ya ɗaga kai. Aka zaftare mini kuɗin aikin. Yaron kuma ba a ba shi ko sisi a kan abin da aka goge ba, aka ce ai gwaji ne.

Kada a ce son kai na dangi nake kuka da shi. Coppola ma ƙanwarsa Talia Shire ce ta fito a Connie, ɗiyar Vito, jaririyar da aka yi wa wankan coci a ƙarshen fim kuma 'yarsa Sofia ce. Amma ƙanwar ta iya, kuma an ajiye ta inda ta dace. In za ka sa naka, sa shi a Sonny in Sonny ne shi.

Sauran abubuwan da na koya ba su da tsawo. In za ka yi rabon muryoyi, sa mai kuɗin ya saurari gwaji ya amince kafin a ɗauki ko layi ɗaya, kuma a gaban shaida. Kada ka kawo shawarar fim ɗin da kake ƙauna a wurin da ba kai ke yanke hukunci ba. Mai rawar murya ba lallai ne ya zama bai iya ba: Lenny Montana, tsohon ɗan kokawa da ya fito a Luca Brasi, ɗan daban Vito, tsoron Brando ne ya sa ya yi ta tuntuɓe a maganarsa, Coppola ya bar tuntuɓen, ya ma ƙara fitowar da ake ganinsa yana bitar gaisuwar shi kaɗai a wurin biki. A kamfanin dangi, in kai ba jini ba ne, ka tuna da Tom Hagen na Robert Duvall, wanda aka tsinta a titi aka raina a gidan, ya zama lauyansu kuma mashawarci, amma da Michael ya karɓi gida sai aka ce ya ɗan matsa gefe. Kuma a cikin manyan yaran Vito, wanda ya ci amanar Michael ba Clemenza mai surutu ba ne, Tessio ne, dattijo mai ladabi. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba, mai shi ya san kansa, kuma har yanzu muna gaisawa.

Na ji an ce za su hau na biyu, na 1974, wanda Robert De Niro ya fito a Vito yana saurayi har ya ci Oscar da shi. A can Fredo ne ke ɗauke da rabin ciwon labarin. Shi ne ya haɗa kai da maƙiyan ƙaninsa, kuma akwai wurin da yake kwance a kujera yana faɗa wa Michael cewa shi ne babba amma aka tsallake shi, shi ma yana da hankali, shi ma yana son a girmama shi. Bayan rasuwar mahaifiyarsu Michael ya sa aka harbe shi a cikin kwalekwale yana addu'a. Wanda ya yi masa in'ina da maganar wando a na farko shi ne zai zauna gaban makirfo ya yi waɗannan wuraren, domin Oga ya riga ya sanar cewa muryoyin ba za su canja ba.