Asabar a gareji da Prado ɗin Yaya

Asabar, bayan isha'i.

Tun da hantsi muke gareji, sai da aka kira magariba muka baro. Yaya ne ya miƙo mini makullin Prado ɗinsa, ya ce in kai a shirya ta kafin kakar riɗi ta kama, don bara ta ji jiki a ƙauyukan Gumel da Maigatari. Can da zarar ka sauka daga kwalta sai yashi. Babban ɗansa ya ce ƙafarsa ƙafata, ga wayarsa cike da hotunan motoci.

Muna shiga muka tarar da wata Land Cruiser 76 ruwan ƙasa, fitilunta zagayayyu, an rubuta TOYOTA ɓaro-ɓaro a gabanta. Yaron ya ce, "Baffa, dubi yadda aka gyara tsohuwar nan!" Sai maigidan garejin ya ce masa ya leƙa ciki tukuna. Ko ledar kujeru ba a gama cirewa ba. Tun 1984 Toyota ke ƙera jerin 70 ɗin nan, a 2023 kuma suka mayar mata da zagayayyun fitilu irin na farko, suka ƙara da inji mai lita 2.8 da giyar otomatik. Daga nan yaron ya ɓalle da lissafi: ga Land Cruiser 250 da ta gaji Prado, wadda a Amurka aka sa wa wani samfurinta suna 1958, shekarar da motar ta fara shiga ƙasar; ga Suzuki Jimny ta 2018; ga Ford Bronco da ta dawo a 2021 da kamannin ta 1966. Har ya nuna mini yadda a Japan ake canza wa Jimny gaba da bamba ta koma kamar tsohuwar Land Rover.

Ni ban ga laifinsa ba, don ni ma zuciyata ta motsa. Irin fuskar nan muka tashi muna gani, motar malaman gona da ta masu allurar rigakafi, wadda in ta shigo gari yara ke bin ta da gudu. Kuma siffar tana da amfaninta. Mota mai kusurwa, daga kujerar direba kana ganin inda hancinta ya ƙare, ka san inda za ka aza taya a bakin kwazazzabo.

Maigidan ya yi shekaru a Agadas yana gyaran motocin da ke bin hanyar Dirku, saboda haka in yana magana shiru nake yi. Ya ce abin da ya sa mutanen Sahara suka riƙe tsohuwar Land Cruiser shi ne injin 1HZ, mai silinda 6 da lita 4.2, wanda babu kwamfuta a jikinsa, in ya tsaya a tsakiyar hamadar Tenere da sifana da sukundireba za ka lallaɓa shi. Sabon injin ya fi ƙarfi, ya fi tattalin mai, amma ba ya yafe gas mai ruwa ko datti. Aikin da ya kawo 76 ɗin ke nan ma. Na tsuguna na ga yaransa suna ɗaura mata ƙarin matatar mai, mai ɗan kofin gilashi a ƙasa inda ruwa ke taruwa, ka kwance ka zubar. Ya ƙwanƙwasa kofin da farce ya ce, "Alhaji, fuskar ta da ce, amma cikin na yau ne. Wanda ya manta haka zai kwana a daji."

Da muka dawo kan tamu, taya muka fara. Ta zo da tayoyi masu lamba 265/65 a kan rim 17, muka sa masu lamba 265/70 na kamfanin BFGoodrich, waɗanda suka ɗan fi tsayi, masu kaurin gefe, don ƙaya da kututturen gona ne ke fasa taya ta gefe. Maigidan ya gargaɗe ni cewa yanzu in allurar gudu ta nuna 100, gudun ya kai wajen 103, kuma za ta ɗan ƙara shan mai. Sai safirin da shokozoba, aka ɗaga ta santimita 5. Yaron ya so a ƙara, don a hotunansa motocin kamar sai an sa tsani. Maigidan ya ƙi. Ya kama sandar da ke juya tayar gaba ya nuna masa yadda take karkacewa in an ɗaga mota fiye da kima, robarta ta yage, yashi ya shiga, sai ka ji ƙas-ƙas a kwana. Aka kuma ɗaura farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji.

Wurin rim ne na fi jin daɗi yau. Muka cire na alminiyom masu ƙyalli muka sa na ƙarfe, mai fenti ya fesa musu fari. Nan take motar ta koma irin ta da, yaron har da tafi. Maigidan kuma ya jawo wani tsohon rim ɗin ƙarfe da dutse ya lanƙwasa wa baki, ya aza shi a kan gungume, ya yi masa guduma kaɗan, bakin ya miƙe. Ya ce na alminiyom tsagewa yake yi, in ya tsage kuwa babu mai facin da zai cece ka a ƙauye. Ga kyau ga amfani a abu guda, irin gyaran da nake so ke nan. Mun kuma sa ragar gaba baƙa mai manyan haruffan TOYOTA. Wannan kam ado ne zalla, kuma na biya da zuciya ɗaya.

Bututun shaƙar iska mun ɗage shi zuwa wani lokaci. Na ɗauka na masu ƙetare kogi ne kawai, ashe a wajenmu ƙura yake ragewa, tunda daga sama yake jan iska maimakon kusa da taya. Sai dai sai an huda jikin motar, ba zan yanke wannan ba sai Yaya ya amince.

Inda muka ja da yaron shi ne bambar ƙarfe. Wani mai walda a maƙwabta ya ce zai haɗa mana irin ta ARB a rabin kuɗi. ARB kamfanin Ostireliya ne, tun 1975 suke wannan sana'a, a ƙasar da mota ke karo da kangaru a daji, kuma suna auna bambarsu yadda ba za ta hana jakar iska buɗewa a kan lokaci ba. Ta mai walda fa, wa ya gwada ta? Ban da haka, motar nan rabin rayuwarta a cikin Kano take, tsakanin 'yan makaranta da masu Adaidaita Sahu. Bambar roba tana lotsawa in tsautsayi ya gitta, ƙarfe kuwa ƙashin mutum yake samu. Na ce masa, "Ɗana, wannan ban yarda ba, ko babanka ya tambaya haka zan faɗa masa." Ya ɗan ɓata rai, amma bai musa ba. Kariyar ɗora kaya ta sama ma mun bar ta, don nauyi a kan rufi yana sa doguwar mota tangaɗi a gangare.

Kafin mu tafi maigidan ya sa na sayi ƙaramin famfon taya mai aiki da batir da ma'aunin iska, ya ce a yashi in sauke iskar zuwa wajen 18 a ma'aunin, taya ta baje, in na hau kwalta in mayar. Cikin duk kayan yau su suka fi araha.

Ranar Litinin zan mayar da ita a daidaita ƙafafun gaba, don tun da aka ɗaga ta sitiyarin yana ɗan ja dama. Yaya ya zagaya ta da tocila ɗazu, ya tsaya a kan fararen rim ɗin, ya ce Laraba za mu gwada ta a hanyar Maigatari.